Takalman da Suka Maƙale a Feda

Daren jiya na yi wani mafarki, alhali ban ci komai mai nauyi ba kafin in kwanta.

Na ganni da hantsi a ƙofar Gandun Dutsen Kurege, dajin da ke bayan garinmu, inda Baba ya yi shekara talatin yana aikin malamin daji. Yanzu an fitar da hanyoyin keke a ciki, suna hawa duwatsu suna sauka. Ina kan keken da na dawo da shi daga ƙasar da na yi karatu, mai giya ashirin da huɗu da tayoyi masu haƙora. Hular kwano a kaina. A ƙafata kuma takalman nan na masu hawan dutse, waɗanda ake sa wa ɗan ƙarfe a ƙasa ya maƙale a feda, don kada ƙafa ta zame.

Zabuwa ce ke tsaron ƙofa. Tana zaune a bayan tebur, sanye da tabarau.

"Suna?"

"Ilu Barau."

"Daga ina?"

"Nan garin."

Ta dube ni ta saman tabarau. "Ba ka yi kama da nan garin ba. Hawa za ka yi ko sauka?"

"Hawa."

"To ka riƙe birki. Hawa gudu gare shi, a gangara ake shan wuya." Ta buga wa inuwata hatimi. "Wuce. Malam Barau ma yanzun nan ya shiga."

Shekara huɗu ke nan da rasuwar Baba. Ina tsakiyar jarrabawa aka faɗa mini ta waya, bayan an dawo daga maƙabarta. Na san da wannan a cikin mafarkin, bai kuma hana ni taka feda ba. Abu ɗaya nake so: in cim masa, in ce masa na dawo.

Na hango shi a kafaɗar dutse, a kan baƙin kekensa na ƙarfe, mai giya ɗaya. Kakinsa na aiki ne a jikinsa, ya ɗaure dashen ɗorawa a kariya. A hankali yake tafiya, yadda ya saba. Tsakaninmu bai fi daga zaurenmu zuwa masallaci ba.

Gaskiyar zabuwa ce, kekena da kansa yake hawa. Aka fara ruwa, daga ƙasa yake tasowa, ya jiƙa mini haɓa, ya taru a cikin hula. Wasu mata masu fura suka wuce ni a kan kekuna irin nawa, suka tsallake kwazazzabo da ƙwarya a ka, ko ɗigo bai zuba ba.

"Sannu mai kwano," in ji ta bayan. "Ta nawa za a zuba maka a ciki?"

A kwanar farko na tarar da duwatsu uku zaune a kan tabarma. Kowanne da hularsa, suna sauraren rediyo. Hanya ta gabansu ta bi. Na kaɗa ƙararrawa, na ɗaga hannu ɗaya.

"Sannunku."

Na wuce. Sai na ji hanyar ta miƙe a ƙarƙashina kamar an ja ɗanko. Da na ɗaga kai, Baba ya koma kamar ɗan yatsa.

Na canza giya. Ta bakwai ta mai da ranar Talata. Ta goma sha biyu ta sauko da ƙanƙarar ƙasar da na baro a kan bishiyoyin kanya. Ta ashirin ba ta yi komai ba, tari kawai ta yi. Na sha kwana, sai ga duwatsun nan uku a kan tabarmarsu. Na sake wucewa. Baba ya koma kamar ƙwayar gero.

A karo na uku babban cikinsu ya rage rediyo.

"Ɗan waye wannan da yake ta wuce mu?"

"Ɗan Barau ne," in ji na tsakiya. "Wanda ya tafi karatu."

"Wane Barau? Barau da ko akuya ya gani a kwance sai ya sauka daga keke ya tambaye ta kwanan gida?" Ya juyo da hularsa wajena. "Sauko mana, samari."

"Baba, sauri nake."

"Mu ma sauri muke. Shekara dubu ke nan muna sauri."

"Mahaifina nake bi."

"Mun sani. Duk wanda ka wuce ba ka sauka ka gaishe shi ba, hanya za ta ƙara maka tsawonsa. Mu kuwa ka ga girmanmu. Kuma in ya kai kan dutsen, ta can zai gangara. Ta can ba a bin mutum."

Na murɗa diddige in zare takalmi daga feda, yadda aka koya mini. Bai fita ba. Na murɗa ɗayan. Shi ma ya ƙi. In na tsaya, faɗuwa zan yi. Sai na shiga kewaya tabarmarsu kamar raƙumin da ke juya turmin matsar mai.

"Ba ya fita," na ce.

"Wa ya ɗaure ka?"

"Ni na zaɓe su."

"To," in ji babban. Ya ƙara rediyo.

Can sama, ƙwayar geron ta kusa kai ƙarshen dutse.

Ƙaramin cikinsu ya gyara murya. "Takalmin ne ya maƙale, ko ƙafar?"

Na sunkuya ina tafiya, na kwance igiyoyin. Na zare ƙafa ɗaya, na zare ɗaya, na diro. Keken bai faɗi ba. Takalman suka ci gaba da taka feda, suka yi gaba da shi yana kaɗa ƙararrawa.

Ƙasar da ɗumi. Na manta haka take. Na cire hular kwano, ruwan da ke ciki ya tashi sama. Na durƙusa.

"Ina kwananku?"

"Lafiya lau. Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Ya hanya? Ya ruwa? Ya bayan rabuwa?"

Ina amsawa, ina jin hanyar tana naɗewa a hankali kamar tabarma. Suka tambayi Inna. Suka tambayi mutanen can, har da ƙanƙararsu. Daga nan babban ya kashe rediyo ɗungurungum.

"Ya haƙurin Malam?"

Tun da na dawo ba wanda ya yi mini wannan tambayar. Lokacinta ya riga ya wuce.

"Da godiya," na ce.

"Allah ya jiƙansa."

"Amin."

Da na ɗago, tayar bayan keken Baba na dab da hancina. Ya sauka, taku ɗaya ya rage masa zuwa kan dutse. Bai yi mamaki ba.

"Ilu."

"Na'am. Baba, na dawo."

"Na gani. Ina takalmanka?"

"Sun yi gaba."

"Za su gaji." Ya danna tayar da babban yatsa. "Ta sace. Shekara huɗu ina jin ta, ba wanda zan sa." Ya zaro famfo daga jikin keken ya miƙo mini. "Kar ka cika ta da yawa. Gangara ce a gabana."

Na fara bugawa. Shuu. Shuu. Ya riƙe sirdi yana kallon dajinsa. Na rage hannu, ina ja a hankali, ina turawa a hankali.

"A can ma haka kuke aiki?" ya ce.

"Haka muke yi."

"To, yi a hankali." Bai dube ni ba. "Ba wanda ke jirana da abinci."

Shuu. Shuu. Shuu.

Na farka. Ashe tsintsiyar Inna ce a tsakar gida. Gari ya waye tuni.

"Ilu, zo ka kau da keken nan naka, shara nake."

Na fito ba takalmi. Suna nan rataye a kan keken, inda na bar su jiya. Ta ƙofar zaure ina hango keken Baba a jingine, ƙura ta rufe shi, tayar baya a kwance. Na durƙusa.

"Inna, ina kwana?"

Ta tsaya da shara, ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Lafiya kake kuwa?"

"Lafiya. Ina aka ajiye famfon Baba?"