Kofi Biyu Kullum

A masana'antar madarar gari, abokan aikinsa Ma'auni suke ce masa, wai ko gishiri zai zuba a abinci sai ya auna. Ƙanwarsa kuwa cewa take tun suna yara ba ta taɓa jin ya amsa laifi ba. In ya taka ka, ƙafarka ce ta tare masa hanya.

Da matarsa ta haihu, duk ƙarshen wata sai ya shigo da ƙaton gwangwanin madara ya ɗora kan firij. Kofi biyu kullum, safe da yamma, yana tsaye a kanta har ta shanye.

"Maigida, wallahi ta gundure ni."

"Ai ba don ke ba ne. Ita ke gina jikin yaro, ta ƙara masa garkuwa. Aikina ne, na fi ki sani."

Yaron dai bai yi ƙiba ba. Ƙuraje suka feso masa a kumatu, yana tsotso yana banƙarewa, kashinsa duk majina, wani lokaci har da ɗigon jini. Ma'auni ya shiga bincike. Ya duba yadda take wanki, ya shinshina tawul, ya hana ta cin yaji. Ran da yayarsa ta zo dubiya, a gabanta ya ce, "Wasu matan, nononsu ne ba shi da kyau." Matar ta ɗauki bokiti ta shige banɗaki, famfo ya daɗe yana zuba.

A wata na huɗu likitar yara ta ɗora yaron a sikeli, ta tambayi abin da uwar ke ci. Da aka zo kan madara sai ta ajiye biro.

"Akwai jariran da jikinsu ke yaƙar furotin ɗin madarar shanu kamar cuta. Yana bi ta nonon uwa ya kumbura musu hanji. Ki daina sha mako uku mu gani."

Ma'auni ya ce, "Likita, madara fa?"

"Malam, ga wani lafiya ce. Ga ɗanka ba haka ba."

Kwana goma sha biyu jinin ya ɗauke. Matar ta ci gaba da hidimar ɗanta, shi kuwa abin yana cinsa a rai.

Ranar Asabar da hantsi ya same ta tana shayarwa, yaron ya yi luf. Ya tsaya bakin ƙofa, ya yi gyaran murya har sau biyu.

"Maman yaro."

"Na'am."

"Maganar da na yi gaban Yaya, da duk watannin nan... Ni na ja mana. Don Allah ki yafe mini."