Batirin Ɗan Mu'minat

Maliki manomi ne a wani ƙauye kusa da Managil, kuma abin da hawasharsa, wato gonarsa ta noman rani, ta koya masa shi ne, idan ruwa ya zo a tur'a, wato magudanar ban-ruwa, sai a buɗe masa hanya a bar shi yana kwarara, domin ba a san ranar da zai sake zuwa ba. Haka ya ɗauki wutar rana. Kullum 'yarsa Ilham ta tafi ɗebo ruwa, sai ya jona kwamfutarta a wayar faifan sola da ke kan rufi, ya lulluɓe ta da bargo saboda ƙura, ya bar ta a ɗakin kwano har la'asar.

Wata safiya Ilham ta tarar ƙasan kwamfutar ya kumbura. Ta zare batirin ta nuna masa.

"Baba, wanga ba dawa ba ce da za a yi ta ba ta ruwa. Zafi da yawan caji sun dafa shi."

"To, a bar ta jone da waya mana, ai tana kamawa."

"Tana kamawa a ɗaki. Amma shabakar intanet sai a kan gaɓar tur'a babba, kuma imtihanina jibi ne. In na rasa shi, shekarar ta tafi."

Tun da yaƙi ya watsa ɗaliban birnin Madani, ta intanet take karatun aikin jinya. A ƙauyen kwamfuta ɗaya ce irin wannan, ta Alamin ɗan maƙwabciyarsu Mu'minat, wanda ya tafi birni lokacin tashin hankali, har yau babu labarinsa. Uwar ta naɗe ta a cikin mayafi ta kulle a akwati, ko ƙannensa ba sa taɓawa.

Suka same ta a rumfa tana soya bunni, wato 'ya'yan gahawa. Bayan gaisuwa mai tsawo Maliki ya faɗi abin da ya kawo su.

"Haba Malam Maliki," in ji ta. "Ka kashe naku da bargo, yanzu ka zo ka yi wa namu jinya?"

"Na karɓi wannan, Hajja."

"In ya dawo ya tarar an fasa masa kaya, mi zan ce?"

Ilham ta matso ta durƙusa. "Inna, ba fasawa ba ce, maɓalli biyu ne ake turawa ya fito. Kuma gaskiya zan gaya miki, batir in ya daɗe a kwance babu caji, mutuwa yake yi a hankali. Ban sani ba ko nashi yana da sauran rai."

Mu'minat ta sauke kaskon. Ta daɗe tana kallon ƙofar ɗakinta, sannan ta tashi ta fito da ƙunshin. Da Ilham ta zare batirin, Maliki ya miƙo kumburarren domin a toshe gurbin, sai Mu'minat ta ture hannunsa.

"Kar ku sa masa mai ciwo. Ku bar wurin haka."

Aka sa batirin a kwamfutar Ilham, aka jona ta a inuwa kusa da randa. Babu abin da ya motsa. Suka sha jabana, gahawar da ta dafa, Maliki bai iya zama ba, sai zagaye yake yi. Can wajen azahar wata ƙaramar fitila ta kama a gefen kwamfutar.

"Yana sha," in ji Ilham.

Mu'minat ta sa yatsa kusa da fitilar, ba ta taɓa ba.

Ranar imtihani ta ƙi yarda Maliki ya ɗauki kwamfutar. Ita ta rungume ta har gaɓar tur'a, ta zauna bayan Ilham, ta buɗe mayafinta ta yi wa na'urar inuwa. Batirin ya kai Ilham har tambaya ta ƙarshe, da ɗan saura.

A hanyar gida Ilham ta ce za ta mayar da shi yau.

"A'a," in ji Mu'minat. "Ki riƙa aiki da shi, ɗiyata, kar ya kwanta. Ranar da ya zo sai ki kawo masa."