Magani Huɗu a Takardar Baba Tela

Takardar ta shigo ta tagar ɗakin magani a ninke, har ta yi laushi don gumin hannu. Anti, wadda ta shekara goma sha ɗaya tana ba da magani a ƙaramin asibitin nan, ba sai ta ɗaga kai ba. Ta san yatsun Baba Tela da kantar almakashi.

Ta warware. Maganin hawan jini har kala huɗu. Watan jiya uku ne.

"Baba, an ƙara maka ɗaya."

"Haka Likita ya ce, 'yata. Wai jinin ya ƙi sauka." Ya yi ƙasa da murya. "Wanne ya fi ƙarfi a ciki? Ba ni shi, na kwana goma."

Ta sake duba takardar. Awon jinin da aka rubuta a saman takardar irin wanda ke shanye wa mutum ɓarin jiki ne.

"Na watan jiya fa, yaya ka sha?"

"Ran da kai ya sara, in sha. Ran da ya lafa, in adana."

"Ka gaya wa Likita?"

"Haba! Mutum ya zauna ya rubuta maka magani mai kyau, ka ce masa ba ka da hali? Ya tambaya ko ina sha, na ce ina sha. Ai ban yi ƙarya ba."

To ka ji fa! Likita na ganin magani ya gaza, yana ƙara wani; Baba na ganin takarda ta ƙara tsawo, yana rage sha. Shi kuma Likita, hannunsa ya saba da sunan kamfani mai kwali mai ƙyalli, shi yake zubawa ko bai duba ba. Alhali ga irinsa sak a kantar ƙasa ta ɗakin maganin, kuɗin ɗaya ya sayi biyar. Ita kuwa ba ta da ikon canza ko harafi.

Ba ta taɓa shiga wa Likita yana tsakiyar aiki ba. Yau ta rufe taga, ta ɗauki kwalaye biyu, mai ƙyalli da mai araha, ta ce Baba ya biyo ta. Wallahi tsoro take ji, amma ta tura ƙofar.

Likita ya haɗe rai. "Lafiya, Anti?"

Ta ajiye kwalayen a gabansa, ta faɗi abin da ta ji, ba ragi. Baba ya sunkuyar da kai kamar wanda ya ɓata ɗinkin mutane.

Likita ya juya kwalayen, ya karanta bayansu.

"Mutum nawa ke yin haka?"

"Rabin waɗanda ke kan bencin can, ranka ya daɗe."

Kunya ta kama shi, har ya cire tabarau yana goge abin da babu. Ya jawo kujerarsa kusa da dattijon.

"Baba, laifina ne. Nawa za ka iya a wata, ba tare da an taɓa cefane ba?"

Baba ya faɗa a hankali. Likita ya yaga tsohuwar takardar, ya rubuta kala biyu kacal, daga kantar ƙasa.

"Kullum, Baba. Ko kai ya sara, ko bai sara ba."

"Mai arahan nan ba ya zuba kuwa? Mu a yadi mun san halinsa."

Har Likita sai da ya yi dariya.

Anti ta fito da Baba, wata tsohuwa ta shiga. Kafin ƙofar ta rufe, ta jiyo muryar Likita:

"Mama, kafin in taɓa biro, gaya min tsakani da Allah. Na wancan watan, guda nawa kika sha?"