Sitiyarin Tsofaffi

Engkus makaniki ya kwance notin ƙarshe, ya zare guntun sitiyarin hagu daga jikin jan babur ɗin, ya ɗaga shi sama yana juyawa kamar mahauci yana tallan hanta.

"To, Kang Kosasih, babban yaya, ga shi nan. Yi masa bankwana."

"Yi aikinka, malam, ka rage surutu."

"A'a, ai yau sai na yi. Wa yake cewa duk wanda ya ɗora dogon sitiyari a babur ɗin tsere gara ya ɗaura masa kwando ya tafi cefane? Ba a kan bencin nan kake zama kana kiransa sitiyarin tsofaffi ba?"

Kosasih ya kawar da kai. Shi ya faɗa kuwa, kuma ba sau ɗaya ba. Babur ɗinsa irin wanda ake kwanciya a kai ne, sitiyarinsa guntaye biyu can ƙasa, sai mutum ya kifa ƙirji a kan tanki, nauyinsa duka ya tattaru a wuyan hannu. Tun yana saurayi irinsa yake hawa, shi da Engkus, suna shan kwana a hanyar Lembang gwiwa na shafar kwalta. Yanzu ya haura sittin, ya bar aikin masaƙa, kuma tsere ɗaya ya rage masa a duniya: kullum kafin azahar ya ratsa cunkoson birnin Bandung ya ɗauko jikarsa Laras daga makaranta. Yarinyar tana da 'yar hular kwanonta ruwan ɗorawa, kuma duk ajinsu babu mai kaka irin nata.

Tun farkon damina hannunsa na hagu yake masa wasa. Sai ya ji ya mutu kamar ya kwana a kansa, yatsun su ƙi jin magana, can kuma ya dawo garau. Ya ɓoye iya ɓoyewa. Yau da safe 'yarsa Nenden, uwar Laras, ta leƙo ɗakinsa ta same shi yana kokawa da maɓallin riga.

"Baba, asibiti," ta ce.

"Sitiyari ne. Jijiya yake danne mini, kowa ya san haka."

"To ka canja shi yau. In ka canja bai daina ba, ka gama ɗaukar mini 'ya a babur, kuma da kaina zan kai ka wajen likita. Ba wasa nake ba, Baba."

Nenden ba ta iya wasa ba, halin marigayiya uwarta ta kwaso kaf. Shi ya sa ya haɗiye girman kansa ya gangaro garejin Engkus. Abin da bai gaya wa kowa ba shi ne mahaifinsa ma da hannu ya fara. Daga nan ɓarin jiki ya shanye, tsohon ya yi shekaru a kan katifa, Kosasih ke juya shi, shi ke goge masa miyau a gefen baki. Tsoro yake ji, tsoro na gaske, irin wanda yake hana mutum ko kallon ƙofar asibiti in ya zo wucewa.

Engkus ya ɗora ƙarafan da za su ɗaga sabon sitiyarin, ya ɗaure shi a kai, baƙi, mai faɗi, ya ɗan lanƙwaso baya. Wayar kuloci da ta totur sun yi gajeru, ya zare su ya sa dogaye, ya canja tiyon birki. Yana aiki yana ƙorafin cewa tsofaffin banza su ne suka fi ba shi wahala. Madubai ma ya ciro su daga gaban babur ɗin ya maido su kan sitiyarin.

"Waɗannan kai za ka saita su da kanka in ka hau, ban san tsawon wuyanka ba."

Matar Engkus ta fito da kofi a kofin gilashi da soyayyen rogo mai zafi. Kosasih ya ɗauki rogo da dama, ya miƙa hagu ya karɓi kofin. Ya ga yatsunsa sun zagaye gilashin, amma bai ji zafinsa ba. Kofin ya zame ya tarwatse a kan siminti.

"Santsi gare shi," ya ce da sauri.

Matar ta ce ba komai, ta tafi ɗauko tsintsiya. Engkus ya ajiye sifana. Ya goge hannunsa da tsumma, ya miƙo.

"Kang, matse hannuna."

"Me zan yi da hannunka, duk baƙin mai? Je ka matar ka ta matse maka."

"Da gaske nake."

"Ni ma da gaske nake. Ka gama ko ba ka gama ba?"

Ya cusa hannun a aljihun rigar sanyi, yana murza yatsun a ɓoye, yana roƙon Allah a zuci. A hankali suka fara tsikari, suka fara motsi. Da Engkus ya sauko da babur ɗin daga kan katako, ya juya sitiyarin dama da hagu ya tabbatar babu wayar da take ja, hannun ya dawo.

Kosasih ya haye. Kai, ashe haka mutane suke jin daɗi shi yana can yana wahala? Bayansa ya miƙe, kafaɗunsa suka sauka, hannuwansa suka sami mariƙin ba tare da ya sunkuya ba. Ya matse kuloci, ya matsu. Ya saki, ya sake matsewa, yana kallon Engkus ido cikin ido.

"Ka gani? Ban gaya maka ba? Sitiyari ne."

"Allah ya sa. Zagaya layin nan tukuna in gani."

"Yara sun kusa tashi."

"To zauna ka sha wani kofin, ni in je in ɗauko ta a nawa."

"A wannan akwalar? Jikata? Ai sai ta shekara ba ta yi mini magana ba."

Ya kifa hular kwano, ya tayar da inji, ya fice. Engkus ya biyo shi har bakin titi yana faɗin wani abu, ƙarar babur ta cinye.

Farkon tafiyar daɗi kamar me. A da kwalta kawai yake gani da bayan motoci, yau ga shi yana hango saman ƙananan bas-bas ɗin haya, da rassan itatuwa, da gajimaren da ya fara haɗuwa a kan duwatsu. Babur ɗin yana shiga tsakanin motoci ba gardama. Har ya fara shirya abin da zai gaya wa Nenden da daddare, yadda zai ɗaga mata hannun ya kaɗa yatsu a gaban hancinta.

A gangaren da yake sauka zuwa mahaɗar kusa da makarantar, danja ta ba da ja. Wata koriyar bas da take gabansa ta ci birki ta tsaya, wata mata ta sako ƙafa waje da kwandon ganye a hannu. Kosasih ya ce wa hannunsa ya matse kuloci. Hannun yana nan a kan mariƙi, yana kallonsa, amma ko gezau. Ya sake ce masa. Babur ɗin yana ta gangarawa, matar tana ta ƙara girma a idonsa, har yana ganin furannin da ke jikin mayafinta.

Ya damƙe birkin dama, ya taka na ƙafa da dukkan ƙarfinsa. Injin ya yi tari, babur ɗin ya zabura sau ɗaya, ya mutu. Tayar gaba ta daki kwandon, ganye ya watse a titi. Ya sauke ƙafar hagu don ya tokare, ƙafar ta lanƙwashe, sai da kafaɗarsa ta bugi jikin bas ɗin sannan ya tsaya.

"Innalillahi," matar ta ce, ta dafe ƙirji. "Baba, kashe ni za ka yi?"

Direban ya leƙo ta taga. "Tsoho da kai kana hawan babur ɗin yara. In ka gaji da duniya ka je ka mutu a gidanka mana."

Kosasih ya buɗe baki zai ba da haƙuri. Abin da ya fito ba magana ba ce sosai, harshen ya yi nauyi kamar ya cika baki da ɗanyen rogo. Matar ta dube shi, ta duƙa tana tsince ganyenta. Danja ta saki, masu babura suka dinga danna masa oda suna kewaye shi.

Wayar kulocin ce, ya gaya wa kansa. Sabuwa ce, ta yi tauri, Engkus bai sa mata mai ba. Firgita ce ta riƙe masa harshe. Taurin kai irin na Kosasih, wallahi ko jaki sai ya sara masa. Ya yi ta dukan giya da dunduniya har ta fita, ya saki birki, gangaren ya ɗauke shi a hankali ba inji, ƙafafunsa suna jan ƙasa, har bakin ƙofar makarantar.

An riga an tashi. Iyaye mata sun cika wajen da ƙananan baburansu, mai sayar da ƙanƙara yana kaɗa ƙararrawa, yara suna ta fitowa cikin fararen riguna da jan siket. Ya tsaya a gindin bishiyar da ya saba tsayawa, ya jingina nauyin babur ɗin a ƙafar dama. Ya dubi hannun. Ɗan yatsan tsakiya ya motsa, na kusa da shi ma ya motsa. Ya gwada kuloci, ya matsu rabi.

Rabi ai ya isa. Gida ba nisa, in ya bi ta lungunan bayan masallaci babu danja ko ɗaya, a giya ɗaya ma zai iya kai su. Yana isa ya kwanta, kafin Nenden ta dawo daga shago hannun ya warware, shi ke nan babu wanda ya ji, babu wanda ya gani.

"Kaka."

Laras ce, ta taho a guje, jaka tana dukan bayanta, ta riga ta kifa hularta. Ta ja birki a gaban babur ɗin, ta buɗe baki.

"La, ka sa masa ƙaho. Kaka, ka zama tsoho ke nan?"

Ba ta jira amsa ba. Ta taka matakin, ta haye bayansa kamar kullum, ta zagaye cikinsa da hannuwanta, ta manna hularta a tsakiyar bayansa. Yana jin ɗuminta ta cikin riga.

"Mu tafi, yunwa nake ji. Ka yi gudu a wajen gada."

Ya danna maɓalli, injin ya tashi. Ya tattara yatsun a kan kuloci, ya ja, ya ɗora ƙafa a kan giya. Sai ya ɗaga ido zai duba bayansa kafin ya hau titi, kamar yadda ya yi duk rayuwarsa.

Madubin bai nuna masa titi ba. Tun da ya baro gareji bai saita shi ba, yana nan yadda Engkus ya ɗaura shi, ya kallo fuskar mai tuƙi. Gilashin hular a ɗage yake. Ya ga ido ɗaya ya ɗan rufe, kunci ya zubo, gefen baki na hagu ya saki ya yi ƙasa, ga wani siririn miyau yana gangarowa haɓa bai ma ji shi ba. Ya san fuskar nan, ta mahaifinsa ce. Shekaru ya yi yana goge ta da tsumma safe da yamma.

"Kaka, mu tafi mana."

Injin yana ta kaɗawa a ƙarƙashinsu. Ya daɗe yana kallon madubin, yarinyar tana zungurinsa da gwiwa. Sannan ya sauke ƙafarsa daga kan giya, ya miƙa hannun dama ya murɗe makulli. Ya zare shi.

"Sauka," ya ce. Kalmar ta fito a karkace.

Ta sauko ta zagayo gabansa tana shirin rigima, ta dubi fuskarsa, ta fasa rigimar. Ya kama hannunta ya danƙa mata makullin, ya naɗe yatsunta a kai.

"Sa a jaka. Ko na roƙe ki, kar ki ba ni."

"Kaka, me ya sami bakinka?"

"Waya. Aljihu. Kira mamanki."

Mai gadin makarantar ya lura, ya taho da sauri ya riƙe babur ɗin, wata mata ta kama Kosasih ta kafaɗa suka zaunar da shi a kan dakalin gindin bishiyar, suka cire masa hular. Laras ta lalubo wayar, ta danna, ta kara masa a kunne. Ya ji hayaniyar shago, ya ji muryar 'yarsa.

"Baba? Kun iso gida?"

Ya tattaro harshensa da ƙyar, ya jera kalmomin ɗaya bayan ɗaya don su fita daidai.

"Nenden. Ba sitiyarin ba ne."

Ya ji faɗuwar wani abu a can, kamar almakashi a kan tebur.

"Kar ka motsa, Baba. Ba wa babba wayar, duk wanda yake kusa. Ga ni nan."

Mai gadi ya karɓa ya koma gefe yana kwatance, yana ɗaga hannu yana tsayar da mota. Laras ta zauna ta manne a jikin kakanta ta ɓangaren da yake ji, ta rungume jakarta da hannu biyu, makullin yana ciki. Jan babur ɗin yana tsaye a gabansu, sabon sitiyarin yana ƙyalli, ko ledar mariƙin ba a gama ɓarewa ba.

"Amma ya yi kyau, Kaka," ta ce a hankali, tana shan majina.

Ya gyaɗa kai. Ya yi kyau ɗin kuwa. Tun daga gareji har nan, bayansa ko sau ɗaya bai yi masa ciwo ba.