Furen Japan a Gidan Ummu Nawaf

Shakir ya dire tukunyar furen a gaban Dalhatu, ya ja da baya yana share gumi.

"Duba min, Yaya. Da sauran rai?"

Dalhatu, ɗan garinsu, lebura ne a Saudiyya, a wani gini da ke Dir'iyya, ranar Juma'a kaɗai yake samun miƙe ƙafa a ɗakinsa na unguwar Al-Oud da ke Riyad. Ya tashi zaune da ƙyar, ya taɓa ganyen da yatsa. Ganyen ya ruguje kamar busasshiyar kuka.

"Wannan sai dai a yi masa sutura. Me ka yi masa?"

"A mota na manta shi."

"A mota? Kasuwa ka kai shi?"

Shakir bai yi dariya ba. Furen na Ummu Nawaf ne, matar kafil ɗinsa, mutumin da ya ɗauko shi aiki kuma yake riƙe da takardunsa. Daga Japan ta taho da shi, tana kiransa kolumbain. Ɗan gajere ne, bai kai gwiwa ba, ganyensa a buɗe kamar ƙananan mafitai, furensa shuɗi mai fari a tsakiya, kullum kai a sunkuye kamar mai jin kunya. Da zafi ya shigo, mutanen gidan suka tattara suka tafi hutu Turai. Kafin ta shiga mota ta jera wa Shakir dokoki: a ajiye shi a inuwa, ƙasarsa ta zama da danshi amma kar ta yi caɓi, rana kuwa ko gaisawa kar su yi. Idan ta dawo ta tarar da shi a raye, za ta sa maigida ya buga masa bizar zuwa gida hutu.

A iƙamar Shakir, katinsa na izinin zama, an rubuta mai lambu ne, amma shi direba ne, yaron birni, ko albasa bai taɓa shukawa ba. Abin da ya sani shi ne 'yarsa Safiyya, da aka haifa bayan tahowarsa, har ta fara gudu, kuma a fuskar waya kawai ta san shi. Don haka ya riƙe furen nan kamar jinjiri. Na'urar sanyin ɗakinsa ƙara kawai take yi, sai ya koma ɗora tukunyar a kujerar gaba, ya ɗaura mata bel, su yi ta zaga gari cikin sanyin mota. Yana jera mata ƙanƙara a bakin ƙasa safe da yamma. Yau ya tsaya sallar Juma'a a unguwar Batha, ana sallamewa wasu 'yan garinsu suka ja shi cin kabsa, dafa-dukan Larabawa, hira ta yi daɗi. Ko da ya tuna, motar ta zama tanda.

"Yaushe za ta dawo?" in ji Dalhatu.

"Gobe da hantsi."

Dalhatu ya ƙura wa ragowar ganyen ido, can sai gefen bakinsa ya motsa. Ya zura silifa. "Biyo ni sama."

A saman benen, bayan tankin ruwa, Dalhatu na da tsofaffin gwangwanaye cike da zogale, wanda ya taho da irinsa daga gida saboda kwaɗayin kwaɗo. Rana na dukan su, su kuwa sai ƙyalli suke. Ya ɗago wani ƙarami ya kara shi kusa da gawar.

"Kalli ganyen nan da kyau. Ba ɗan'uwansa ba ne?"

"Yaya, zogale ne fa!"

"Ni da kai muka sani. Ita ta taɓa cin zogale? Wata nawa rabonta da ganin abin? Datse masa kai, ka dasa. Ana buga maka biza, khalas, shi ke nan."

Suka datse, suka dasa, suka lulluɓe gindin da ƙananan fararen duwatsun da ke tukunyar. Abin da aka datse kuma Dalhatu ya ce ba za a yi asararsa ba, ya ɗora ruwa.

Washegari Ummu Nawaf ko abayarta ba ta cire ba ta nufi bayan gida, inda tukunyar take a inuwar katanga. Shakir ya biyo ta da akwatuna. Ta durƙusa, ta gyara tabarau, ta daɗe tana kallo.

"Ya Shakir, ganyen nan kamar ya ƙanƙance."

"Iskar Riyad ce, Madam. Ni ma ba haka na zo ba."

Ta ƙyalƙyale da dariya. "Masha Allah! Ka ga yadda ya yi kore shar? Na ƙawata Ummu Turki ko sati bai yi ba ya mutu, ita da take da ɗakin gilashi!" Ta zaro waya ta ɗauke shi hoto ta gaba, ta gefe, ta tura wa ƙawaye. Nan da nan wayar ta shiga kuka. Tana karantawa tana murmushi, Shakir kuwa a ransa har ya fara tunanin takalmin da zai saya wa Safiyya.

"Madam, maganar bizar nan..."

"Mafi mushkila, ba damuwa, za ka tafi." Ta ɗago kai. "Amma ba yanzu ba. Na gaya musu duk su zo shan gahawa ranar da ya yi fure, su ga shuɗin da idonsu. Wa zan bar wa shi? Hannunka kaɗai ya sani. Yana yin fure, washegari ka hau jirgi."

Ta shige ciki tana amsa waya. Shakir ya ajiye akwatunan a hankali. Ya dubi zogalen, zogalen na kaɗa ganye abinsa, har ya fara miƙa wuya wajen rana.

Ya koma bayan mota ya kira Dalhatu, ya zayyana masa komai. Dalhatu ya yi ta dariya har da tari, ƙarar injin kwaɓa siminti na tashi a bayansa.

"Yaya, bar dariya. Zogale yana fure da wuri?"

"In ka ƙyale shi, ƙwarai. Amma kafin nan ya fi ka tsayi, ya leƙa gidan maƙwabta. In kuma kana datsewa, har ka tsufa ba fure."

"To furen wane launi ne?"

"Kai ɗan birni! Fari ne, ƙanana."

Shakir ya sosa ƙeya. Ta taga yana jiyo Ummu Nawaf tana bai wa wata labarin yadda ake kula da furen Japan. Ya juya wa tagar baya, ya rage murya.

"Yaya, a wurin aikin naku, ana samun shuɗin fenti?"