Kabarin da Babu Alama

A wurinmu, mu 'yan ƙabilar Hidatsa, uwa ba ta binne ɗanta, aikin dangin uba ne. Shi ya sa da jaririyar yayana Elmer ta rasu, ni goggonta na kai ta gindin wata babbar bishiya a bayan gonar masararmu na rufe ta. Uwarta Rosella na kwance da zazzaɓi, ko wurin ba ta gani ba. Ban kafa gicciye ba. Wa zai ɓace wa bishiyar da mutum uku ba sa rungume ta?

Har mun yi furfura, Elmer ma ya bi 'yarsa, sai gwamnati ta datse kogin Missouri. Aka ce mu da ƙabilun Mandan da Arikara mu hau tudu, ruwa zai cinye kwarin. Masu kwashe kaburbura kuwa mai alama kaɗai suke tonewa.

Rosella ta same ni ina ɗaure tukwane. Ta ce, "Goggon yara, ke kika ajiye min ita. Tashi ki ɗauko min."

Na ce, "Yaya, ko ido rufe na kai ki."

Bakina ya yi saurin magana. Da muka gangara, katafila ta riga mu. Babu bishiya, babu kututture, babu shingen gonar, sai fili fetal. Na tona nan, na tona can, har tafin hannuna ya fashe. Washegari na dawo, na sake dawowa, ruwa kuma kullum yana matsowa. Rosella na zaune kan dutse tana kallona. Da ma zagina ta yi, da na fi samun sauƙi.

Ranar da ruwa ya taɓa ramina na farko na yar da shebur na fashe da kuka. Na ce, "Yaya, na ɓatar miki da ita."

Ta kwance ƙunshin da ke cinyarta. Bargo ne mai tauraro, irin wanda ake bai wa dangin uba idan sun gama binnewa, ta ɗinka min shi da hannunta. Na ce ba zan karɓi ladan aikin da ban yi ba.

Ta dubi filin. Sannan ta miƙe ta shimfiɗa bargon a ƙasa, ta miƙo min gefe guda.

"Kama, mu danne da duwatsu," in ji ta. "Ruwan nan sanyi gare shi. Duk inda take, ta jawo ta lulluɓa."