Motar da Ke Ja Hagu

"Mama, leƙo ki ga wani abu," in ji bakanike Lwandile daga cikin ramin gareji.

Dalena ta dafa gwiwa ta sunkuya. Motar tasu mai ɗaki a ciki ta cika rumfar garejin, da labulenta, da tukunyar fure a tagar kicin. Tun da suka sayar da gonar tumaki ita ce gidansu, ba su da wani. Tayar gaba ce ta cinye har waya ta fito, shi ya tsayar da su a garin Beaufort West. Mijinta Stoffel ya ce taya kawai za a canja, kada a taɓa masa komai, sannan ya tafi aski. Ita kuwa yana ba da baya ta ce wa bakaniken ya duba ƙafafun gaba ɗaya. Taya ba ta cin kanta haka kawai.

Lwandile ya miƙo mata wani ɗan ƙarfe mai kauri a gefe ɗaya, siriri a ɗayan.

"Tsakanin sifirin da aksul na ƙafar gaba na ciro shi, ɓangare ɗaya kaɗai. Na fita da ita gwaji, ina sassauta sitiyari ta nufi daji ta hagu kamar akuya ta hango ɗanyen ganye. Wannan ba aikin ramin hanya ba ne, Mama. Da gangan aka sa shi."

"Wane mahaukaci zai yi haka?"

"Bakanike dai ba ya yi sai mai mota ya roƙe shi." Ya goge hannu da tsumma, bai dube ta ba. "Na saita ta. Yanzu ko da yatsa ɗaya za a riƙe ta."

Ta jefa ƙarfen a aljihun riga.

Stoffel ya dawo da ƙeya fes, yana tauna busasshen nama, hannun hagu a aljihu.

"Tsohuwa, kin gama gulmata da yaron nan?"

"Wa ke da lokacinka? Hau mu tafi, rana na yi."

Ba ta gaya masa ba. Mutumin da in an matsar masa da cokali sai ya yi kwana biyu yana mita, ina ga ƙafar mota? Ta ce a ranta in ya ji daɗin tuƙin, shi da kansa zai yi godiya.

Suka hau babban titi, suka kama hannun hagu kamar yadda ake tuƙi a ƙasar. Fili fetal, ba itace ba gida, sai tireloli da ke tahowa ta dama ɗaya bayan ɗaya, iskarsu na girgiza kwanuka a kabad. Ba su yi nisa ba motar ta fara lallaɓawa wajen farin layin tsakiya. Stoffel ya fizgo ta. Ta sake komawa. Ya sake fizgowa, zufa na tsattsafo masa a sabon askin.

"Me ya sami shegiyar nan?"

A nan Dalena ta dubi hannayensa, duba na gaske. Na dama ya damƙe sitiyari, jijiyoyi sun tashi, nauyinsa na rinjayar motar zuwa dama. Na hagu kuwa a ɗore kawai yake, yatsu a sake, kamar safar hannu da aka manta a kan shinge. Sai ta tuna kofin da ya fashe a watan jiya. Ta tuna maɓallan rigar da ya ce ramukansu sun tsuke, da ranar da ya tafi gareji shi kaɗai ya hana ta binsa. Ashe shi ya sa aka saka ƙarfen, motar ce take riƙe masa hagu. Ita kuma yau ta sa an cire.



"Stoffel, tsaya."

"Yi min shiru, ina tuƙi!"

Wata tirela ta danno, fitilu na walƙiya, oda na kururuwa. Farin layin ya shige ƙarƙashinsu. Dalena ta kai hannu ta finciko sitiyarin. Wani abu ya yi ƙara, madubin gefen dama ya tafi. Suka gangara kan tsakuwa, motar ta yi tangal-tangal ta tsaya. A baya tukunyar fure ta faɗo ta tarwatse.



"Yaron nan ya ɓata min mota," in ji Stoffel.

Ta ciro ƙarfen ta ɗora a gabansa. Ya daɗe yana kallonsa.

"Kada ki gaya wa Annelie," ya ce a hankali.

Annelie 'yarsu ce. Tun bara ta samar musu ɗaki a gidan tsofaffi a garin George, mai taga ɗaya da ke kallon katanga, tana jiran dalilin kai su kawai. Dalena ma ta tsani ɗakin nan, Allah ya sani.

"Ɗauke shi da hagu," ta ce. "In ka ɗauka, bakina alekum."

Ya miƙa hannun. Yatsun suka taɓa ƙarfen, suka yi ta rarrafe a kansa. Ya cije leɓe. Ƙarfen ya zame, ya faɗa tsakanin ƙafafunsa.

Ta sauka, ta zagaya ta gaba, ta buɗe ƙofarsa. Ita da ta yi shekaru tana jan motar tumaki zuwa kasuwa, bai taɓa bari ta zauna a kujerar nan ba. Yau ya matsa da kansa.

Ta jira hanya ta yi sarari, ta juya kan motar zuwa garin da suka baro, inda asibiti yake. Stoffel ya ga ta juya, bai tambaya ba. Ya kwantar da hannun hagu a cinya, ya rufe shi da na dama.

Motar ta miƙe sak, ko gezau. Sun yi tafiya mai ɗan nisa kafin ya yi magana, idonsa a kan titi.

"Yaron ya iya aiki," ya ce.